Abin da gawo da kututture suka koya wa manoman Maraɗi

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwan ƙasarmu a ɗabi'arsa, domin a lokacin da ruwan farko ya sauka, kowane tsiro ya fara yin kore, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya da rassa zalla har ƙarshen damana, sa'annan idan kaka ta wuce, iskar hunturu ta busar da ciyawa, sai ya fitar da sabon ganye da fure. Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Agye da Tasawa a watan Agusta zai ga manyan gawuna tsaye a tsakiyar gonaki ba ganye ko ɗaya, kuma idan ya sauka ya shiga gonar zai lura cewa hatsin da ke ƙarƙashinsu ya fi na gefe tsawo da kaurin kara da duhun ganye.

Dalilin wannan a fili yake ga wanda ya zauna ya yi lissafi. Ganyen da gawo ke zubarwa a farkon damana yana ruɓewa daidai lokacin da shuka ke neman taki, kuma da yake itacen ba shi da ganye a watannin noma, inuwarsa ba ta tare wa hatsi rana. Saiwarsa tana nutsewa can ƙasa har ta kai ga ruwa mai zurfi, saboda haka ba ya rububin danshin sama da gero ko wake. Dangin wake ne shi kansa, a jijiyoyinsa akwai ƙananan halittu masu ɗauko sinadarin taki daga iska su mayar da shi abincin tsiro. Da rani kuwa, lokacin da babu wata inuwa a fili, shanu da tumaki da awaki suna taruwa a gindinsa su yi ƙailula su bar kashinsu a wurin. Na sha tsayawa ina kallon jajayen awakinmu na Maraɗi a ƙarƙashin gawo cikin watan Maris, da zarar iska ta kaɗa, busassun ƴaƴansa masu lanƙwasa suka faɗo, sai ka ga sun ɗaga kai gaba ɗaya sun ruga wurin da sautin ya fito. Ƙwayar da akuya ta haɗiye tana da ɓawo mai tauri, wucewarta ta cikin hanji yana tausasa ɓawon, sai ta faɗi a wani wuri cikin taki, a shirye ta tsira idan ruwa ya zo.

Darasin da nake ɗauka a nan shi ne na zaman maƙwabtaka. Gawo yana cin rabonsa na rana da ruwa a lokacin da hatsi ba ya buƙata, ya janye a lokacin da hatsi ke buƙata, kuma kowannensu yana samun fiye da abin da zai samu da shi kaɗai ne a filin. Kakanninmu sun gane haka har suka tsara rayuwarsu a kai, manomi ya riƙe gona da damana, makiyayi ya shigo da dabbobi bayan an kwashe amfani, su ci kara su bar taki. Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram na da sun sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo ba da izini ba, abin da ke nuna cewa mahukuntan wancan zamani sun san darajar itacen a cikin rumbun talakawansu.

Amma an yi wani lokaci da wannan sani ya dusashe, kuma yana da kyau matasanmu su san yadda aka yi. A zamanin mulkin mallaka, dokar gandun daji ta 1935 ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, kuma bayan samun ƴancin kai a 1960 an ci gaba da tafiya a kan wannan turba. Manomi yana iya biyan tara saboda ya sare reshe a gonar da ya gada daga ubansa, saboda haka itace ya zama masa abin jawo fitina, gwamma ya kashe shi tun yana ƙarami kafin ma'aikacin gandun daji ya gan shi. A daidai wannan zamani noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Maraɗi, aka riƙa koya wa mutane cewa manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, babu tsiro ko ɗaya sai abin da ya shuka. Jama'a ta ƙaru, aka daina barin saura ta huta, sai ga farin 1973 da 1974, bayansa kuma na 1984. Tsofaffi suna tuna yadda iska ke kwaso rairayi ta binne shuka ko ta yanke ta tun tana ƴar ƙarama, har mutum ya yi shuka sau biyu ko uku a damana guda, mata kuma suna yin tafiya mai nisa neman makamashi, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, wato abincin da ya kamata ya koma cikin ƙasa.

Maganin da aka fara kawowa shi ne dashen itatuwa. Aka kafa wuraren renon iri, aka raba dashe a cikin ledoji, yawanci na itatuwan da aka kawo daga wasu ƙasashe, aka kashe kuɗi masu yawa, amma akasarin dashen bai kai shekara ba, domin rana da awaki da rashin ruwa sun gama da shi. A cikin masu wannan aiki akwai wani Bature ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya zauna a Maraɗi yana aikin gona tare da ƙungiyar ƴan mishan ta SIM. A 1983, yana kan hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawar banza ce. Da ya duba ganyen sai ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare shekaru da suka wuce, kuma saiwarsa tana nan da rai. Filin da ake ganin ya mutu cike yake da irin waɗannan kututture na sabara da kalgo da magarya da aduwa da geza da gawo, kowace shekara suna fitar da toho, kowace shekara ana sare shi wajen sassabe a ƙona.

Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a dukan labarin. Dashen da ke cikin leda yana da saiwa mai tsawon tafin hannu, kututture kuwa yana da saiwar babban itace wadda ta riga ta san inda ruwa yake, shi ya sa tohonsa ke girma da sauri ba tare da an ba shi ruwa ba. Abin da ake kashe dukiya ana nema daga nesa yana kwance a ƙarƙashin ƙafar manomi, buƙatarsa kawai a daina sare shi. Ya kamata a faɗa kuma cewa dabarar ba baƙuwa ba ce, shi kansa Rinaudo ya sha bayyana cewa manoma sun san ta tun da, kuma a ƙasar Damagaram mutane da kansu suka riƙa barin gawo a gonakinsu. Da tsohuwar zuma ake magani, aikin da aka yi a Maraɗi shi ne farfaɗo da abin da aka yi watsi da shi, aka ba shi sunan sassabin zamani.

Karɓuwarsa ba ta zo da sauƙi ba. Waɗanda suka fara an yi musu dariya, ana ce musu ragwaye masu ƙazamar gona. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho, aka raya itatuwa kusan rabin miliyan, amma da aka daina rabon sai mutane suka sare kimanin kashi biyu cikin uku. Kashi ɗayan da ya rage shi ne ya yi wa'azin da baki bai iya ba, domin masu shi sun samu makamashi da abincin dabbobi da itacen gini, kuma maƙwabta sun ga da idonsu cewa hatsinsu bai ragu ba. Daga nan dabarar ta bi bakin manoma daga ƙauye zuwa ƙauye. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam a shekarun 2000, sai suka ƙiyasta cewa filin da ya sake yin itatuwa a Nijar ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma an ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu saboda haka da tan 500,000 a shekara.

Kawuna, wanda ke noma a yankin Agye, shi ya nuna mini yadda ake aikin. Ya tsuguna gaban wani kututturen kalgo mai toho fiye da goma, ya riƙa taɓa su ɗaya bayan ɗaya yana duba wanda ya fi miƙewa da ƙwari, ya zaɓi uku, ya yanke sauran da adda mai kaifi yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage, sa'annan ya cire ƙananan rassan da ke jikin waɗanda ya bari har zuwa rabin tsawonsu. Na ce masa, Kawu, me ya sa ba a barin guda ɗaya tak ya yi ƙarfi? Ya ce, ɗana, gidan da ke buƙatar icce bana ba zai jira shekara biyar ba, in ka bar uku sai ka sari ɗaya baɗi ka bar biyu suna girma, kuma ko akuya ta karya ɗaya ba ka yi asara duka ba. Rassan da ya yanke bai ƙona su ba, ya shimfiɗa su a inda ƙasa ta yi fako, ya ce aikin gara ne ya rage.

Maganar gara ta cancanci a tsaya a kanta, domin mun saba ganinta maƙiyiya mai cin zana da ginshiƙin rumbu. A gona kuwa ma'aikaciya ce. Idan aka zuba kara ko taki a kan fako, gara tana zuwa ta ci, tana haƙa ƙananan hanyoyi a cikin ƙasar da ta daskare, ruwan sama ya samu inda zai shiga maimakon ya kwarara ya tafi. A kan wannan aka gina dabarar tassa, ramukan da ake haƙawa da rani a zuba musu ɗan taki, wadda Yacouba Sawadogo na ƙasar Burkina Faso ya inganta, manoman Illela a jihar Tawa kuma suka ɗauko ta a ƙarshen shekarun 1980 suka raya filayen da aka fid da rai da su. A 2018 aka ba Sawadogo da Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin.

Akwai wasu ma'aikatan da ba mu cika lissafawa ba. Shamuwa tana isowa gab da damana, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, ta ciyar da ƴaƴanta da fara da sauran ƙwari, bayan kaka ta koma kudancin Afirka, kuma al'adarmu ta hana taɓa ta tun kafin a yi bincike a kan amfaninta. Tsutsar da ke cin zangarniyar gero ma tana da maƙiyinta, wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro wanda ke harbin tsutsar ya shanye mata jiki ya yi ƙwai a kanta. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, reshen Maraɗi, suna kiwon wannan ƙwaro, a sa shi cikin ƙananan buhuna a rataye kusa da gonaki lokacin da gero ke fitar da kai. Wanda ya yi feshin magani ba bisa ƙa'ida ba yana kashe tsutsar tare da maƙiyinta, kuma tsutsar ce ke riga dawowa. Alƙur'ani ya ba mu labarin hankakan da ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne gawar ɗan'uwansa, saboda haka koyo daga ƙaramar halitta ba abin kunya ba ne ga Musulmi.

Abin da ke damuna yanzu shi ne yadda za a riƙe abin da aka samu. Birnin Maraɗi yana girma, buƙatar itacen girki tana ƙaruwa, kuma akwai masu shiga gonakin mutane da dare su sare abin da aka yi shekaru ana reno. Akwai kuma masu sassare rassan gawo gaba ɗaya don dabbobi, su hana shi yin ƴaƴa a shekarar. Ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye ya yi suna saboda kwamitocin sa ido da ya kafa, waɗanda suka haɗa maza da mata da makiyaya, kuma a ganina sa makiyaya a ciki shi ne hikimar tsarin, tun da su ma suna da rabo a inuwar da ƴaƴan. Ta fuskar doka an samu sauyi, dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta tsohon tsari, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da wata doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin amfana da itacen da ya raya a gonarsa. Sai dai manoma da yawa ba su ji wannan labari ba, kuma wanda bai tabbata itace nasa ne ba ba zai ɓata lokaci a kansa ba, don haka ya kamata gidajen rediyon ƙauyuka da masu gari da limamai su riƙa bayyana dokar da Hausa kafin lokacin sassabe.

Akwai kuma gonaki da yawa da manyan gawunansu suka tsufa, ba a ga ƙanana masu tasowa a bayansu ba, saboda awaki suna cinye tsiron da rani, garma kuma tana tuge shi da damana. Ɗan gawon da ya fito yana buƙatar a kafa masa sanda a matsayin alama don mai huɗa ya kauce masa, a kewaye shi da ƙayar magarya ko ta aduwa a ranin farko da na biyu, har kansa ya wuce inda bakin akuya ke kaiwa.