Idan jirgin wasa ya tsaya da kansa, kada a tilasta masa

Babban darasin da aikin kula da kayan wasa ya koya mini shi ne, injin da ya tsaya da kansa ba a yi masa gardama. Ina son masu wuraren wasan yara a Damagaram su ji wannan magana, haka ma samarin da ake barin su a kan maɓalli ranar Sallah. Gaskiya ne manyan jiragen hawa-da-gangara, wato jiragen wasa masu hawa tudu su gangaro da gudu a kan layin ƙarfe, a Turai da Amurka da Asiya suke, amma ƙa'idar da ke riƙe da su ita ce ke riƙe da ƙaramin jirgin yara da lilo mai juyawa da ake kafawa a filayenmu.

Jirgin hawa-da-gangara na asali ba shi da inji a jikinsa. Sarƙa ce ke jan taragon zuwa kan tudun farko, daga nan nauyinsa ne ke tafiya da shi har tasha. Taragon da ya gangaro daga tsayin mita 10 yakan kai gudun kusan kilomita 50 a awa, na mita 20 kuwa wajen 70. Saboda haka ko ƙaramin jirgi ba abin raini ba ne. Ƙarar nan ta ƙas-ƙas-ƙas da ake ji yayin hawa, wani harshen ƙarfe ne a ƙarƙashin tarago yake bin haƙoran da aka jera a kan layi. In sarƙa ta tsinke ko aka ɗauke wuta, harshen ya cije haƙori, tarago ba ya komawa baya. Ranar da ƙarar ta sauya ko ta ɓace, ba a ɗaukar kowa sai an leƙa. Ƙafafun tarago kuma kashi uku ne: na sama da ke ɗaukar nauyi, na gefe da ke hana shi kauce wa layi a kwana, da na ƙasa da ke kama layin ta ciki don kada tarago ya tashi sama. Waɗannan na ƙasan John Miller ne ya yi rajistar ƙirƙirarsu a Amurka a 1919, kuma su ne ake yawan mantawa wajen dubawa, don sai an durƙusa ake ganinsu.

Birki shi ya fi nuna tunanin maƙeran. A yawancin jiragen zamani sifirin ne ke matse birki, iskar kwamfuresa ce ke buɗe shi. In tiyon iska ya fashe ko wuta ta tafi, birki rufewa yake yi. Akwai kuma na maganaɗisu, inda faifan jan ƙarfe ke ratsawa tsakanin maganaɗisu biyu ba tare da gogayya ba. Wannan ba ya bukatar wuta, amma rage gudu kawai yake yi, ba ya tsayar da tarago cak, shi ya sa ake bin sa da birkin matsewa. Sannan an raba layin gida-gida, kowane gida yana da wurin tsayar da jirgi, kuma akwai ƙananan na'urori a gefen layi masu jin wucewar ƙarfe, bari in kira su idanu. Doka ɗaya ce: jirgi biyu ba sa zama gida ɗaya. Muddin ido bai ga na gaba ya fita ba, kwamfuta ba ta sakin na baya. Duk abin an gina shi ne a kan cewa in akwai shakka, a tsaya.

A nan mutum ke shigowa. Ranar 2 ga Yuni 2015, a Alton Towers da ke Ingila, an saki tarago ba kowa a ciki don gwaji a jirgin da ake kira Smiler. Iska mai ƙarfi ta tare shi, ya kasa haye wani tudu, ya tsaya a tsakiyar layi. Kwamfuta ta yi aikinta, ta riƙe taragon baya mai ɗauke da mutum 16. Masu gyara suka ɗauka kuskuren na'ura ne, suka soke tsayawar da hannu ba tare da wani ya tabbatar da idonsa cewa layin ba kowa ba. Taragon ya je ya daki na gaba. Ƴan mata biyu suka rasa ƙafa, kotu kuma ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5 a 2016. A Orlando ta Amurka, a Maris 2022, yaro ɗan shekara 14 ya faɗo daga wata doguwar hasumiyar wasa ya rasu. Bincike ya nuna an gusar da idon da ke tabbatar da rufuwar ƙarfen kafaɗa a kujerarsa, har ya zama inji yana ganin an rufe alhali akwai babbar kafa. A duka biyun na'urar kariya lafiyarta ƙalau, hannun mutum ne ya kawar da ita.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, yanayinmu ya fi nasu jan mutum ga wannan kuskure. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Idon da ke aiki da haske, ƙura kan rufe masa fuska. Wanda ke jin ƙarfe kuwa tazarar ƴan milimita kawai yake gani, noti ɗaya ya saki, girgiza ta gusar da shi, sai ya daina ganin tarago. Inji ya yi ta tsayawa sau biyar, sau goma a yini. Ga layin yara har bakin ƙofa, kowa da dala ashirin ko hamsin a hannu, ga maigida yana lissafin jakunkunan da ke wucewa. Sai a kira mai gyaran wuta, shi kuma ya ɗauki guntun waya ya haɗa baki biyu na idon don inji ya riƙa ganin komai daidai kullum. Jirgi ya tashi, kowa ya ce madalla. Daga wannan lokaci babu sauran abin da ke tsakanin yaran da haɗari sai kiyayewar Allah, kuma galibi guntun wayar nan ba a sake tunawa da ita.

Yadda ya kamata a yi ba shi da wuya. In inji ya tsaya, a fara rubuta lambar ko fitilar da ta nuna kafin a kashe komai, don da an kashe an kunna shaidar ta tafi. A ƙirga taragon da ido, a san inda kowane yake. A sauke mutane. A yanke wuta daga babban makashi, a sa kwaɗo, mai gyaran ya sa makullin a aljihunsa, ba a rataye a ƙusa ba. Sannan a goge idon da busasshen ƙyalle, a auna tazararsa, a bi wayarsa a ga ko ɓera ko rana ta ci rigarta. In an gyara, a yi zagaye uku ba kowa kafin a ɗauki yaro ɗaya. Makullin da ke ba da damar tuƙa inji da hannu kuwa, mutum ɗaya ne zai riƙe shi, kuma ba a murɗa shi da fasinja a kujera. Idanu na canji biyu ko uku a cikin akwati sun fi duk wata nasiha hana a yi haɗin waya, domin wanda ke da sabo a hannu ba ya neman dabara.

Wuta ma tana da nata. Yankinmu ya daɗe yana dogaro da layin da ke zuwa daga Katsina, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke shi a Agustan 2023. Don haka janareta dole ne, amma a san abu uku. Motar lantarkin da ke juya injin tana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, janaretan da aka auna daidai da aikinta na yau da kullum zai durƙushe. Na biyu, mota mai layi uku in aka sauya wayoyi biyu, baya take juyawa; duk lokacin da aka koma daga wutar kamfanin lantarki na NIGELEC zuwa janareta bayan wani ya taɓa wayoyin, a gwada ba kowa. Na uku, in wuta ta dawo, inji bai kamata ya tashi da kansa ba sai an danna maɓalli, domin lokacin ne ma'aikaci ke tsaye a kan layi yana fito da yara. A ƙara da makashi mai jin yoyon lantarki na miliyamfa 30, a riƙa danna maɓallin gwajinsa kowace safiya. Busasshen yashinmu ba ya karɓar wuta da kyau, sandar ƙasa gajera ba ta wadatarwa, sai an zurfafa an kuma auna.

Yawancin kayan da ke iso mana na hannu ne, sun yi shekaru a wata ƙasa, wasu a bakin teku, an shafe su da sabon fenti. A Yulin 2017 a bikin baje koli na jihar Ohio, hannun wani lilo mai suna Fire Ball ya karye yana cikin juyawa, mutum ɗaya ya mutu, bakwai suka ji rauni. Kamfanin da ya ƙera shi ya ce tsatsa ce ta cinye ƙarfen daga ciki a tsawon shekara 18. Daga waje ba a ganin irin wannan, sai da na'urar auna kaurin ƙarfe. Wanda ba shi da ita, aƙalla ya buɗe ramukan zubar ruwa na bututun, ya ƙwanƙwasa da guduma ya saurari inda sauti ya mutu. Tsaga kuwa kusan kullum a gefen walda take farawa, alamarta siririn layin tsatsa ko fenti da ya dare. Akwai gwajin jan ruwa mai gwangwani uku da ba shi da tsada: a kankare fenti a wanke wurin, a fesa jan, a jira minti 10 zuwa 20, a goge, a fesa farin, in akwai tsaga, jan zai fito a kan farin kamar zare. Kuma don Allah kada a kira mai waldar ƙofa ya ɗora walda a kan tsagar hannun lilo. Rufe ta kawai ya yi, tana nan tana tafiya a ƙasa. Haka noti: in an ga 8.8 ko 10.9 a kansa, wato lambar ƙarfinsa, da irinsa ake canzawa, ba da wanda aka tsinta a kasuwa don girmansu ɗaya ba. Bayan an ɗaure, a ja layin fenti daga kan noti zuwa jikin ƙarfe, da safe kallo ɗaya ya isa a gane wanda ya motsa.

Zafin Afrilu da Mayu, da yakan haura digiri 40, yana aiki a kan komai. Layin ƙarfe mai tsawon mita 100 yana ƙaruwa da fiye da santimita 3 in zafinsa ya hau da digiri 30, wannan miƙewa da tsukewar kullum ita ke sassauta noti. Robar ƙafafun tarago takan ɓamɓare daga jikin ƙarfenta. Giris da ya sha ƙura ya zama abin goge ƙarfe, a share tsohon kafin a sa sabo. Dabara mai sauƙi ita ce a riƙa auna lokacin zagaye da agogo kowace safiya a rubuta. In ya fara tsawaita, akwai boris da ke ciwo. Bayan babban gyara a gwada da buhunan yashi, wajen kilo 75 a kujerar babba, 40 a ta yaro.

Gidan balan-balan da yara ke tsalle a ciki shi aka fi rainawa. Ƙa'idar Turai ta ce ba a amfani da shi in iska ta kai kilomita 38 a awa, kuma a ɗaure shi a wuri shida aƙalla da turakun ƙarfe masu tsawon santimita 38. A yashi ma wannan ba ya isa, sai an ƙara nauyi. A Disamban 2021 iska ta ɗauki irinsa a wata makaranta a Tasmaniya ta Ostireliya, yara shida suka rasu. Mu da muka san yadda iskar gaban hadari ke tasowa a farkon damina, da an ga gabas ta yi ja a fito da yara a sace iskar, ba a jira ɗigon farko.

Saura ranar Sallah kanta. Kayan kwalliya suna da haɗarin da littafin maƙera bai hango ba: dogon hijabi, gyale, hannun babbar riga, duk suna iya naɗewa a sarƙa ko ƙafar tarago. A sa mace ɗaya a bakin shiga tana taimaka wa ƴan mata su tattare su cusa kafin a rufe ƙarfe. Kowane ƙarfen cinya ma'aikaci ya ja shi da hannunsa, kujera bayan kujera. Sandar awon tsayi, ko santimita 120 ce ko nawa maƙeri ya rubuta, an sa ta ne don yaron da bai kai ba yana iya zamewa ta ƙarƙashin ƙarfen. Uba zai ce zai rungume shi a cinya. Amsar ita ce, "Baba, ka yi haƙuri, hannu ba ya riƙe yaro a kwana, ga na ƙanana can mu kai shi." Maigida kuma ya faɗa a gaban kowa cewa yaron da ya danna jan maɓallin tsayar da inji ba za a zaftare masa ko dala ba, ko da daga baya an ga ba komai. A riƙa canza mai maɓalli bayan awa biyu, domin rana da hayaniya suna cinye hankali. Kafin Sallah da kwana biyu a gwada sauke mutane daga wuri mafi tsayi: wa zai hau tsani, wa zai buɗe ƙarfe, wa zai tsare iyaye daga shiga shinge. Ba a buɗe wa yaro ƙarfe sai ma'aikaci yana gefensa, kuma a ajiye ruwan sha kusa, don kujerar da ta tsaya a rana tsaka tana gasa mai zama cikin ƴan mintoci.