Abin da kwalaben jini suka koya mini

Aikin ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta aiki ne na jira, cutar da ta shiga jini kuwa ba ta jiran kowa. Idan aka kawo kwalbar jinin majinyaci, sai an ajiye ta a na'urar ɗumi mai digiri 35 zuwa 37, a saurara. Yawanci ƙwayar kan nuna kanta cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ba a cewa kwalba ba ta da komai sai ta kwana biyar. In ta tsiro sai a rina ta da rinin Gram, dabarar da Hans Christian Gram ya fito da ita tun 1884, a shuka ta a faranti, a gano ko wace ce, sannan a jera mata 'yan takardun magani a ga wanda zai hana ta yaɗuwa. Wannan mataki kaɗai kan ci awa 16 zuwa 18. Duk tsawon lokacin nan mutum na kwance cikin zazzaɓi, jininsa na sauka.

Dole likita ya fara magani kafin sakamako ya fito. To da me zai zaɓa? Da sakamakon majinyatan da suka gabata. A nan na fahimci nauyin aikinmu: kowace kwalba tana yi wa mai ita amfani, tana kuma yi wa wanda za a kwantar wata mai zuwa. Asibitin da ke tattara sakamakonsa yana dubawa a kai a kai ya san ƙwayoyin da ke yawo a ɗakunansa da maganin da ya daina cin su. Wanda ba ya yi, lalube yake cikin duhu.

Ƙwayoyin ba su da yawan da mutum zai zata. Escherichia coli ta fi shigowa daga mafitsara ko hanji. Staphylococcus aureus daga fata, rauni, ko allurar ƙarin ruwa da ta daɗe a jijiya. Klebsiella pneumoniae takan addabi jarirai da masu jinya mai tsanani, haka ma Pseudomonas da Acinetobacter. Abin da ke sauyawa shi ne maganin da suke ji. An ba da rahoton Staphylococcus mai bijire wa maganin methicillin a Ingila tun 1961. Yau E. coli da Klebsiella da dama na fitar da sinadarin ESBL mai lalata maganin ceftriaxone, sai a koma maganin meropenem. Shi ma akwai masu karya shi, kamar ƙwayoyi masu ɗauke da sinadarin NDM-1, wani lokaci har a dawo ga colistin, tsohon magani mai wahalar da ƙoda. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani. Ganin faranti da ƙwaya ta mamaye har bakin kowace takardar magani yana tayar mini da hankali fiye da wannan adadi, domin na san akwai mai shi a kan gado.

Darasin da na fi riƙewa kuwa ya shafi ɗibar jinin ne. In an riga an yi allurar magani kafin a ɗiba, ƙwayar na iya ƙin tsirowa alhali tana nan. In jinin ya yi kaɗan, haka ma, shi ya sa ake son mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalbar babban mutum, daga wurare biyu. In ba a goge fata sosai ba, Staphylococcus epidermidis da ke zaune a kanta za ta faɗa kwalba, a ɗora mutum a kan maganin vancomycin ba gaira ba dalili, a ƙara masa kwanakin asibiti.

Saboda haka da zarar kwalba ta tsiro, waya nake bugawa ɗakin majinyaci, ba na jiran a kai takarda. Idan cikakken sakamako ya fito kuma ya nuna ƙaramin magani zai wadatar, nakan faɗa wa likita a fili, don a sauke majinyacin daga babban a adana shi ga wanda ba shi da wani.