Koyar da Turanci a ƙasar waje: zaɓi ƙasa kafin ka biya kuɗin kwas

Da yawa sukan fara biyan kuɗin kwas, sai satifiket ya zo hannu su gano ƙasar da suke hari ba ta ba masu irin fasfonsu bizar koyarwa. Koriya ta Kudu, alal misali, galibi 'yan ƙasashe bakwai take ba bizar E-2 ta koyar da Turanci: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Komai iya Turancinka, in ba ka cikinsu, ka nemi wata hanya. Biyetnam da Tailan sun fi sauƙi, amma za su nemi shaidar ƙwarewa, wato sakamakon jarrabawar Turanci irin IELTS ko TOEIC. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa, albashinsu da tsoka, sai dai yawanci gogewar shekara biyu suke nema, don haka ba nan ake farawa ba.

Digiri na farko, a kowane fanni, kusan ko'ina sharaɗin izinin aiki ne. Bayansa sai satifiket ɗin koyarwa, kuma nan ake yawan tafka asara.

Intanet cike take da kwasa-kwasan TEFL, wato na koyon koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, masu araha. Kwas ɗin da bai kai sa'a 120 ba, kada ka ɓata kuɗinka. Ko wanda ya kai ɗin, in babu koyarwa a gaban ɗalibai na gaske, takardar biza kawai zai cike maka, ba zai koya maka riƙe aji ba. Ga wanda bai taɓa koyarwa ba, satifiket irin CELTA ta jami'ar Cambridge ko CertTESOL ta kwalejin Trinity da ke Landan sun fi, duk da tsadarsu. CELTA mako huɗu zuwa biyar ce ga mai yin ta ba hutu, da rubutattun ayyuka huɗu da aƙalla sa'a shida na koyarwa, mai horarwa yana zaune a bayan aji yana rubuta kurakuranka. Waɗannan sa'o'i shida su ne gogewar da za ka ambata ranar intabiyu. Ka ƙara da koyarwar sa kai ko ta intanet na 'yan watanni, ka karɓi wasiƙar shaida.

Takardu sun fi komai cin lokaci. Digiri da takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi sai an tantance su, ko dai da hatimin apostil, wato tambarin tabbatar da takarda don amfani a ƙasar waje, in ƙasarka da wadda za ka je suna cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, ko ta ma'aikatar harkokin waje sannan ofishin jakadanci. Takardar 'yan sanda yawanci wata shida take aiki. In ka karɓe ta da wuri, tana iya mutuwa kafin biza ta fito. Ka kuma duba kalandar makarantu: a Tailan zangon farko a watan Mayu yake farawa, a Japan kuma Afrilu.

Makarantu da yawa za su ce ka yi gwajin darasi na minti goma ko sha biyar. Sabon malami surutu ke kayar da shi. Ka ɗauki abu ɗaya, kamar tambayar farashi a kasuwa, ka nuna misali biyu, ka haɗa ɗalibai biyu-biyu su yi ta maimaitawa, kai kana zagayawa kana saurare.

Sai kwantiragi. Ka tambayi sa'o'in aji nawa ne a mako, ban da na zaman ofis, wa zai biya gida da kuɗin biza, kuma nawa za a cire in ka bar aiki kafin wa'adi. Duk wanda ya ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido "a gyara daga baya", ko ya nemi ya riƙe fasfonka, ka rabu da shi, don in jami'an shige da fice suka zo, kai za a ci tara a kora. Kafin ka sa hannu, ka nemi a haɗa ka da malamin da ke aiki a makarantar yanzu, ka tambaye shi ko albashi na zuwa a kan lokaci.