Kuɗin wasannin Bowl: an gama rabo tun ba a shiga fili ba

Jama'a akwai abin da ya jima yana cin raina game da ƙwallon jami'o'in Amurka, wannan da ake sa hular kwano a rungumi ƙwallo a ruga da ita. Na san nan Sakkwato kusan kowa Firimiya ya sani, in ka je gidan kallo ka ce a kunna maka wannan ba wanda zai saurare ka, sai dai mutum ya sayi data ya bi a waya cikin dare saboda bambancin lokaci, ga sanyin Disamba. Amma ni ina son wasan har raina, shi ya sa yadda ake kasafta kuɗinsa ke damuna.

Jami'o'in nan rukuni-rukuni suke, manyan su ne Big Ten da SEC da ACC da Big 12, sai ƙanana irin su Mountain West da Sun Belt. In kaka ta ƙare farkon Disamba, duk makarantar da ta ci wasa 6 ta cancanci a gayyace ta wasa guda na ƙarshen shekara, su ne wasannin Bowl, sun kai wajen 40, kowane da garinsa da kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa. To ba ƙuri'a ake jefawa ba wurin haɗa wa zai buga da wa, kwangila ce anka sa wa hannu shekaru kafin nan tsakanin masu shirya wasan da rukunin, cewa duk shekara ku turo mana ɗaya daga cikinku. Wadda ta fi daɗewa ita ce ta Rose Bowl a Pasadena ta jihar Kalifoniya, tun wasan 1947 anka riƙa haɗa Big Ten da rukunin jami'o'in yamma wanda daga baya ya zama Pac-12. Orange Bowl na Miyami ya ƙulla da ACC, Sugar Bowl na New Orleans kuma da SEC, daga baya anka haɗo Big 12.

Wurin da mutane ba su lura ba shi ne kuɗin da masu Bowl ke biya ba aljihun makarantar da ta buga yake shiga kai tsaye ba, asusun rukuni yake zuwa, a cire mata na tafiya da masauki da ɗawainiyar 'yan wasa da makaɗa, sauran a zuba wuri guda a raba har da waɗanda ba su je ko'ina ba. Kuma wallahi wannan tsarin yana da amfani, domin zuwa Bowl ɗin kansa ba kullum ne riba ba. Masu shiri kan ɗora wa makaranta tikiti dubbai su ce ki sayar, abin da ya yi kwantai ke za ki biya. Jami'ar Connecticut ta je Fiesta Bowl a Janairun 2011, babban wasa ne sosai, Oklahoma ta doke ta 48 da 20, sannan ta dawo gida da asarar kusan dala miliyan 1.8 saboda tikitin da bai sayu ba da kuɗin tafiya. Ka ga in ba don asusun haɗin gwiwa ba ai ƙaramar makaranta sai ta riƙa tsoron a gayyace ta.

Abin ya fara canzawa ne da anka kawo gasar sili-ɗaya-ƙwale ta fitar da zakaran ƙasa a 2014 da makarantu 4, sai a 2024 anka faɗaɗa zuwa 12, manyan wasannin Bowl ɗin nan sunka koma kwata fainal da semi fainal. A kakar 2024 kowace makaranta da ta shiga, rukuninta ya samu dala miliyan 4, in ta kai kwata fainal wasu 4, semi fainal 6, fainal 6. Notre Dame da ba ta cikin kowane rukuni a ƙwallon nan ta kai fainal, Ohio State ta ci ta 34 da 23, amma miliyan 20 ɗin ita kaɗai ta riƙe abinta ba ta raba da kowa ba, kuma kada ku ce sauran manyan ba su gani ba.

Yanzu ga inda nake jin zafin. Tashar talabijin ta ESPN ta sa hannu kan dala biliyan 7.8 don nuna gasar na shekara 6 daga 2026, kuma tun kafin a buga ko wasa ɗaya an riga an yanka: Big Ten kusan kashi 29 cikin ɗari, SEC kusan 29, ACC wajen 17, Big 12 wajen 15, ƙananan rukunai gaba ɗayansu su taru kan kusan kashi 9. Makarantar da ta zo ta ƙarshe a Big Ten za ta kwashi sama da dala miliyan 20 a shekara, irin su Boise State da sunka shiga gasar a 2024 da guminsu kuma kason kowace bai kai miliyan 2 ba. Mu nan mun san wannan gardamar, duk wata in an zauna rabon asusun tarayya a Abuja jihohi masu mai sai sun fara ɗaukar kashi 13 nasu, suna cewa daga ƙasarmu kuɗin ya fito, mu kuma muna cewa ƙasa ɗaya ce. Hujjar manyan makarantun ke nan, mu ake kunna talabijin don a kalla, kuma ba ƙarya sunka yi ba, sai dai ni abin da na gani shi ne da wannan kuɗin ake ɗaukar koci da gina wurin atisaye, tun 2025 ma an yarda makaranta ta biya 'yan wasanta, a shekarar farko har kusan dala miliyan 20.5, to wanda anka ba ƙasa da miliyan 2 da me zai riƙe yaransa in babba ta yi musu tayi?

Har cikin rukuni ɗaya ma zumuncin ya tsinke. Florida State ta ci wasa 13 ba ta faɗi ko ɗaya ba a 2023 amma ba a sa ta cikin makarantu 4 na gasar ba, anka tura ta Orange Bowl, manyan 'yan wasanta da yawa sunka ƙi bugawa, Georgia ta yi mata 63 da 3. Florida State da Clemson sunka kai rukuninsu na ACC kotu, a 2025 anka sasanta kan cewa wani kaso na kuɗin talabijin zai riƙa bin yawan masu kallo, wato rabon daidai-wa-daida ya tafi ke nan.

Pac-12 kuwa watsewa ta yi a 2024. USC da UCLA da Oregon da Washington sunka bi kuɗi zuwa Big Ten, huɗu sunka koma Big 12, Stanford da California da ke bakin tekun yamma sunka shiga ACC ta gabas, ɗalibai na ratsa ƙasar gaba ɗaya a jirgi don wasa guda alhali ga darasi na jiransu. Anka bar Oregon State da Washington State su biyu suna neman waɗanda za su sake gina rukunin da su. Rose Bowl na Janairun 2025 Ohio State ce ta buga da Oregon ta ci 41 da 21, kuma dukansu biyu 'yan Big Ten ne, kuɗin wasan duk asusu ɗaya ya faɗa.