Karatun Kimiyya da Ingilishi a Yamai

Ɗalibin Nijar da ya zo karanta kimiyya da Ingilishi yakan iso da harsuna biyu a bakinsa: Hausa ko Zabarmanci da ya tashi da shi a gida, da kuma Faransanci da aka koyar da shi komai da shi har ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare. Ingilishi kuwa darasi ne na 'yan sa'o'i a mako. Da wannan guzuri na kammala lisans, wato digiri na farko, a fannin fizik a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ke ɗauke da sunan masanin makamashin hasken rana da ya rasu a 1991, sannan na shiga karatun masta kan sauyin yanayi, inda kusan duk wata maƙala da ake dogara da ita da Ingilishi aka rubuta ta.

Manyan kalmomin kimiyya ba su ba ni wuya ba, domin yawancinsu daga Latin da Girkanci suka samo asali, kuma wanda ya san su da Faransanci yakan gane su ko da an sauya musu rubutu. Ƙananan kalmomi ne suka fi cin lokacina, waɗanda marubuci ke nuna iyakar tabbacinsa da su. Mai bincike zai ce sakamakonsa "yana nuni" da abu, ko abin "yana iya" faruwa "muddin" an cika wani sharaɗi, amma ɗalibin da ke gaggawa ya tsallake su, ya ɗauki hasashe a matsayin hukunci. A fannin da ake hasashen damina a Sahel wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, saboda manomin gero ne zai biya kuɗinsa.

Lambobi ma suna da tarkonsu. A tsarin Faransanci 1,500 ɗaya da rabi ne, a na Ingilishi kuma dubu ɗaya da ɗari biyar. Na ga abokin karatu ya kwashi bayanan ruwan sama ya zuba a kwamfutar da aka saita da Faransanci, ta ƙi karɓar lambobi masu ɗigo, ya wuni yana zargin lissafinsa alhali lissafin lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun aji. Ɗalibi mai kaifin basira yana da tambaya, amma kafin ya gama harhaɗa jimlar a zuciyarsa malami ya wuce gaba, ga kuma kunyar kada a ji lafazinsa. Tambayar takan fito ne da dare a fada, wato majalisar hirar matasa, ana dafa shayi, inda mukan warware maƙala sakin layi bayan sakin layi, wani ya bayyana da Hausa, wani ya gyara da Faransanci, sannan mu sake gina amsar da Ingilishi. A nan ne wanda ya haddace kawai yake bambanta da wanda ya fahimta.

Tun da kundin mulki na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, ina ganin bai kamata a jira sai masta kafin a fara karanta kimiyya da Ingilishi ba. A fara ba ɗaliban shekarar farko gajerun maƙaloli na fanninsu, malamin fannin da malamin harshe su karanta tare da su, kuma a bar su su yi tambaya da duk harshen da ta zo musu.