Laraba da dare, tambayar Ummi

Wuta ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Shago ba laifi, ciniki kaɗan-kaɗan. Hajiya ta ji sauƙin ƙafar, alhamdulillahi, har ta taka zuwa gidan Inna.

Abin da ya tsaya mini a rai maganar Ummi ce. Muna cin tuwo bayan magariba sai ta ce, "Baba, ashe roka ƙasa take tokarewa da wuta sannan ta tashi?" Haka aka faɗa musu a aji, har sun rubuta. Na ce, to in ta yi nisa, babu ƙasa babu iska, me za ta tokara? Ta yi shiru, loma a hannu.

Na aiki Sadiq bakin layi ya sayo balan-balan. Na hura ta tam, na ba Ummi ta matse bakin da yatsu biyu, na ce saki. Ta yi fiit, ta bugi silin, ta faɗo gefen kwanon miya. Na ce mata iskar da ta fita ta baya ita ta ingiza ta gaba. Dokar da masanin kimiyya Isaac Newton ya rubuta ke nan tun 1687: duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Roka na ƙona mai ta feso hayaƙi mai zafi ƙasa da gudun sama da kilomita 2 a daƙiƙa, hayaƙin kuma ya tura ta sama. Har iskar oksijin da wutar ke buƙata a cikin tankinta take, an sanyaya ta ta zama ruwa.

Na nuna mata bidiyon rokar Saturn V a waya, wadda ta tashi daga Fulorida ta Amurka ranar 16 ga Yuli 1969 da mutanen da suka sauka a wata. Nauyinta kusan tan 2,900, kuma mafi yawansa mai ne. Injuna 5 suna cinye kimanin tan 13 a kowace daƙiƙa. Ƙarfin turin bai ɗara nauyin da yawa ba, shi ya sa take ɗagawa a hankali. Man na ƙonewa tana rage nauyi, gudu na ƙaruwa, bayan kamar minti biyu da rabi ta yar da sashen farko. Ummi ta ce, "Kenan wanda ya ƙare yarwa take don kada ya yi mata nauyi?" Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Daɗin bai daɗe ba. Tana kwashe kwanuka ta ce, "Baba, to in an tambaye mu a jarabawa, wanne zan rubuta?"

Ban ga laifin malamin sosai ba. Jaridar New York Times ma ta yi wa masanin roka Robert Goddard ba'a a 1920 bisa irin wannan kuskuren, ba ta janye ba sai a 1969. Amma yarinya ta gane gaskiya da idonta, kuma tana tsoron rubuta ta don kada a ci makinta. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Maman Ummi ta ce kada in haɗa yarinya faɗa da malaminta, kuma tana da gaskiya. Gobe kafin in buɗe shago zan biya makarantar in same shi shi kaɗai, ba a gaban yara ba.

Sadiq har yanzu bai kawo canjin ba.