Wasiƙa daga Manchesta: kamasho kaɗai ba ya riƙe ɗan talla

'Yan'uwana na gida, assalamu alaikum.

Shekarata huɗu ke nan a Manchesta ina tallar kayan kamfanoni. Aikina na farko bin gida-gida ne ina ƙwanƙwasa ƙofa, cikin sanyi da yayyafin Ingila. Babu albashi, sai kamasho. Mu goma sha biyu aka ɗauka rana guda, kafin wata uku saura mu biyu.

Wahalar yawon kowa ya jure ta. Abin da ya karya mana gwiwa shi ne rashin sanin abin da zai shigo aljihu. A nan doka ta ba wanda ya yi ciniki a bakin ƙofarsa kwana 14 ya fasa in ya ga dama, kuma da ya fasa sai kamfani ya zare kamashon da ka riga ka lissafa a kuɗin haya. Ga shi an rubuta mu a matsayin masu cin gashin kansu, don haka mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke, wanda ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, bai shafe mu ba.

Inda nake yanzu akwai albashi tsayayye, kamasho a kansa, hutun kwana 28 da biya, kuma kamfani na zuba kashi 3 cikin ɗari a fanshona. Ranar Juma'a ana ba ni lokacin masallaci ba tare da na roƙa ba. Wannan, wallahi, ya fi mini wata kyautar gwarzon wata daɗi. A wannan kamfanin da wuya ka ji wani ya ajiye aiki.

Na rubuto ne saboda iyayen gidanmu na Singa da Kantin Kwari. Kun gaji hikimar sallama: yaro ya yi shekaru a shago da amana domin ya san akwai ranar da za a ba shi jari. To yaya kuma yau za a ɗora matashi a babur da kwalaye, ya sha mai daga aljihunsa, a biya shi ƙasa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata da aka sa wa hannu a Najeriya a 2024, sannan a ce yaran zamani ba su da haƙuri? Alhaji, ranar da ya tafi, da lambobin masu shagunan da suka saba da fuskarsa zai tafi, kuma a rumfar maƙwabcinka za ka gan su.

Naku, daga Manchesta.